Adashin Littafi: Yau Gidan Wa Za Mu?

  

Yau ban gayyato muku likita ko lauya ba. Ni kaɗai ce a ɗakin watsa shiri, na zo muku da labarin wani adashi da nake ciki, wanda ba kuɗi ake kwasa ba.

Mu tara ne, dukkanmu mata, a nan Kano. Akwai malamar firamare, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai mai saro atamfa a Kantin Kwari tana bi gida gida, akwai masu zaman gida, sai ni mai surutun rediyo. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, da an idar da sallar la'asar, mukan haɗu a gidan ɗayarmu. Wannan watan Gwammaja, wata mai zuwa Hotoro, na gaba Ɗorayi ko Kurna, haka muke zagayawa har layi ya dawo kan ta farko. Kafin ranar, kowa ta karanta littafi guda da aka tsayar. In an zauna, sai a baje shi a faifai. Ana kiran magariba kowa ta ɗauki mayafinta. Shekararmu ta shida ke nan.

Ba shiri muka yi muka kafa ba. A gidan suna abin ya samo asali. Muna zaune ana jiran a sauke tukunya, sai hira ta kai mu ga littattafan da muka karanta muna 'yan mata, irin waɗanda ake cusawa a tsakiyar littafin lissafi don kada malam ya gani. Wata ta ambaci Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Nan take gardama ta kaure a kan yadda labarin ya ƙare, har gwaggon mai jego ta leƙo ta ce, "Ku kuwa suna kuka zo ko kotu?" Da muka lura rabinmu sun manta yadda abin ya faru, sai babbarmu, wadda muke kira Yaya, ta ce kowa ta je ta sake karantawa, a haɗu a gidanta ƙarshen wata a ƙarasa shari'ar.

Ga wanda bai san littafin ba, labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara. Ya auro wata mai zaman kanta, Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta, 'yarta Saudatu ta yi aure na rufin asiri, shi kuwa Alhaji gobarar kasuwa ta lashe dukiyarsa, duniya ta juya masa baya. Daga ƙarshe aka taru a kan Rabi, ta koma gidansa.

To, a kan wannan komawar muka kusa cinye juna a tsakar gidan Yaya. Malamar firamare ta ce marubuciyar ta ci amanar Rabi: mace ta sha wuya ta tsaya da ƙafarta, sai kuma a mayar da ita ta yi jinyar wanda ya wulaƙanta ta? Mai atamfa ta ce, "Ke dai ba ki san zaman zawarci da 'ya'ya tara ba." Ma'aikaciyar jinya ta ce ita a ganinta Rabin da ta koma ba ita ce Rabin da aka kora ba, yanzu tukunyar gidan a hannunta take, Alhaji kuwa sai abin da ta ga dama. Wata daga cikinmu, wadda aurenta ya mutu shekara biyu kafin nan, ba ta ce uffan ba sai can da aka lafa. Ta ce, "Ni ban ga inda marubuciyar ta ce komawar daidai ce ba. Ta nuna mana yadda ake yi ne kawai. Ni ma haka aka taru a kaina." Tsit muka yi. Yaya ta tashi ta ƙaro ruwa.

Na karanta littafin nan sau biyu ni kaɗai, ban taɓa ganin abin da baiwar Allahn nan ta gani ba. Littafi ɗaya muka saya, amma da muka zauna sai ga littafi tara. Wannan shi ne abin da ya sa na kawo maganar a rediyo. Karatun da mutum ya yi a ɗakinsa ya rufe ya tura ƙarƙashin matashi, rabin karatu ne. Idan kika san ranar Asabar za a tambaye ki, "To ke me kika gani?" wallahi karatun naki ma sai ya sauya. Za ki riƙa naɗe gefen shafi, ki koma baya ki duba ko da gaske wane ya faɗi kaza, domin kin san malamar firamare ba ta yarda da "ina jin", sai ta ce a buɗe shafin.

Akwai masu cewa wannan ai ɗabi'ar Turawa ce, mu ina mu ina taron littafi. Ina ganin waɗannan ba su waiwayi gida ba.

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da aka haifa a 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ba ta bar waƙoƙinta a cikin gafaka ba. Ta zaɓi dattijan mata, ana ce da kowace jaji, ta ba su malfa da jan rawani alamar izini. Su kan jagoranci mata daga ƙauyuka su zo wurinta su ɗauki karatu, su koma su zauna da 'yan uwansu mata a cikin gidaje, a rera, a fassara, a yi tambaya. Sunan da aka ba su ma ya isa hujja: 'Yan Taru. Maza kuma suna da karatun zaure, inda ake jan baƙi malam yana warwarewa, na gefe yana sauraro ko da ba nasa darasin ba ne.

Kai, ku dubi littattafanmu na boko na farko ma. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, aka samu su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Ku lura da yadda aka gina su. A Shaihu Umar, almajirai ne suka kewaye malaminsu suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne ke zayyana yawonsa da artabunsa da Malam Zurƙe ga masu sauraro. A Magana Jari Ce, da ya fara fita a 1937, aku ne ke riƙe ɗan sarki da labari bayan labari. Marubutan nan sun san Bahaushe ba ya cin labari shi kaɗai, shi ya sa suka shigar da majalisar cikin littafin tun daga shafin farko.

Mu da muka tashi a zamanin littattafan soyayya kuwa, mun san sauran. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, zuwa Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, wa ya taɓa mallakar littafi shi kaɗai? Mai shagon haya yana da kwafi ɗaya, ya zaga unguwa har bango ya cire a ɗinke da zare. In mai kashi-kashi ne, na ɗaya yana gidanku, na biyu yana maƙwabta, na uku an ce wata ta tafi da shi Zariya. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba ana kitso. An zagi littattafan nan, an ce su ke ɓata 'yan mata, a 2007 har ƙona su aka yi a bainar jama'a a Kano. Akwai na banza a cikinsu, ban musa ba. Amma mata da yawa da aka cire daga makaranta aka kai ɗakin miji, da waɗannan littattafan suka riƙe karatunsu bai zube ba. Abin da muka ƙara a kan abin da muka gada kaɗan ne: mun sa rana, mun sa layi.

[Ɗan kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ƙawaye ko abokai da ke haɗuwa gida gida don tattauna littafin da suka karanta.

Me ya sa gida? Me ya hana a nemi aji a wata makaranta, ko ɗakin karatu? Dalili na farko a fili yake: matar aure ta fi samun izinin zuwa gidan ƙawarta da maigida ya san mijinta, a kan wani zauren taro. Ba kuɗin haya, mai goyo ta shimfiɗe ɗanta a gado, lokacin salla ga buta ga darduma. Na biyu, zumunta a ƙafa take. Kafin mu fara, akwai wadda shekara huɗu ban taka gidanta ba, sai dai gaisuwa a waya. Yanzu na san ɗakin kowa, na san 'yar wa ke shirin jarrabawa, na san surukar wa ke kwance.

Gida kuma yana kawo baƙin da ba a gayyata ba, su ne gishirin abin. Ranar da muka yi Shaihu Umar a Kurna, surukar mai masaukinmu, tsohuwa ce da ta haura tamanin, tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi kamar ba ta ji. Muna maganar uwar Umar, yadda ta bi sawun ɗanta da aka sace har ta ƙetare hamada, ita ma ta faɗa hannun masu bauta. Sai tsohuwa ta ce, "Ku matso in gaya muku." Ta ba mu labarin da kakarta ta ba ta, na yadda ake hana yara zuwa bakin rafi su kaɗai saboda masu kame. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ranar ita ce malamar. Tun daga nan muka sa doka: kowane zama sai an karanta shafi biyu ko uku da ƙarfi, domin na bayan labule su samu rabonsu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya kusa kashe mu, don shi ne zai kusa kashe ku in kun fara. Ba rashin littafi ba ne, ba kuma mazajenmu ba. Girki ne.

Zaman farko Yaya ta kawo zoɓo da gyaɗa. Ta biyu ta ce ai ba za a zo gidanta a tashi da gyaɗa ba, ta yi cincin da kunun aya. Ta uku ta soya funkaso da miyar taushe. Kafin layi ya kai kan ta shida, an kai ga shinkafa da kaji da lemon kwalba, har da 'yar leda ta tafiya da ita gida. Littafi ya koma ɗan rakiya. Mai masauki tana kicin tun safe, ba ta ma zauna an yi da ita ba, mu kuma mun ci mun yi nauyi, sai hamma. Da aka zo kan ta bakwai, wadda mijinta ke fama da rashin aiki a lokacin, sai ta aiko cewa ba ta jin daɗi, a ɗaga. Wata na gaba ta ce an yi musu rasuwa a ƙauye. Sai ta daina ɗaukar waya.

Yaya ce ta gane. Ta shirya ta je gidan ba sanarwa, ta same ta garau tana wanki, ga littafin a kan taga ta karance shi tas har da alamomi. Kunya ce ta hana ta. Ɗaki ɗaya take da shi da 'yar rumfa, ta je gidajen da ke da kujerun alfarma an ba ta kaza, da wane ido za ta shimfiɗa mana tabarma ta miƙo ruwan randa? Mu muka jawo, da sunan karamci. Mun ɗauka baƙonka annabinka, ashe muna gina katanga ne tsakaninmu da 'yar uwarmu.

Daga ranar aka yanke: ruwa, da abin taɓawa kala ɗaya, wanda kuɗinsa bai wuce a saya a kanti a bakin layi ba. Wadda ta karya, tararta ita ce ta sayo wa kowa littafin wata mai zuwa. Mutum ɗaya ce ta taɓa karyawa, ba zan faɗi ko wace ce ba, amma tana aiki a gidan rediyo. Kuma zaman da muka yi a ƙarƙashin rumfar nan, kan tabarma, da ɗan kwanon aya a tsakiya, har yau shi muke tunawa. Jiki Magayi muka yi ranar, na John Tafida da Rupert East, muka raba gari a kan ko mai kuɗin da ya ƙwace wa saurayi budurwa ya fi laifi, ko saurayin da ya ƙare rayuwarsa wajen neman ramuwa. Sai da maigidan ya yi gyaran murya daga waje muka san an kira magariba.

Abu na biyu da ke rusa irin wannan zama shi ne baki. Littafi yana tono abin da ke cikin mutum. Ana maganar kishiyar cikin labari, sai ki ji wata ta zarce da ta gidanta. Wannan ba laifi ba ne, wani lokacin ma shi ne maganin. Laifin shi ne maganar ta fita. In abin da aka faɗa a Hotoro ya riga mai shi isa Gwammaja, an gama, ba wadda za ta sake buɗe baki sai dai "littafi ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira." Haka kuma ba a kawo sunan wadda ba ta wurin. A ci naman Delu yadda ake so, ita ba ta da alhaki a kan kowa, amma a bar matar maƙwabci.

Sauran ƙa'idojin ba su da yawa. Mai masauki ita ke zaɓen littafi, ba a musa mata. Da haka aka tilasta mini karanta abin da da kaina ba zan taɓa ɗauka ba: mai atamfa ta sa mu karanta Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan 'yan fasa ƙwauri da cin hanci, ta kuma yi mana bayanin yadda kaya ke ƙetaro iyaka fiye da yadda na taɓa ji a labarai. Wadda ba ta gama karatu ba ta zo abinta, amma kada ta ce a ɓoye mata ƙarshe. Ƙaramar cikinmu ita ke fara magana, Yaya ce ta ƙarshe, don in babba ta riga ta yanke, kunya ba za ta bar yara su saɓa mata ba. Kuma kada a kai mutum goma. In an yi yawa, sai masu baki uku su mamaye, sauran su koma danna waya.

Tunda na ambaci waya: yawancin sababbin littattafai yanzu a cikinta suke, a WhatsApp da Wattpad, wasu kuma ana saurarensu a YouTube. Ba mu ƙi ba, muna yi. Gajerun labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, sun yi mana rana a watannin da hidima ta yi yawa, kamar gab da azumi, don a zama ɗaya ake gama su. Sai dai akwai inda muka ja layi. Idan marubuciya ta sa kuɗi a littafinta, kowa ta biya nata. Ba ma yarda ɗaya ta saya ta tura wa takwas. Yarinya ta hana idonta barci tana rubutu da ɗan yatsa a waya, ta sayi data da kuɗinta, sannan mu da muke cewa muna son adabi mu zama na farkon cinye guminta? Littafin takarda kuwa, muna da ɗan asusu da ake jefa abin da ya sawwaƙa duk zama. A sayi kwafi uku ko huɗu a yi karɓa karɓa, in an gama su shiga akwatin ƙarfe da ke bin layi tare da mu. Akwai littafin rajista a ciki, saboda mun gano aron littafi ya fi bashin kuɗi wuyar dawowa.

Maza, kada ku ce an bar ku a baya. Ku da kuke da majalisa kullum dare, ga benci ga mai shayi, kun fi mu sauƙin abin. Mijin ɗayarmu da ya gaji da yi mana dariya, sai ya ɗauki Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare daga akwatinmu, wai zai ga abin da ke hana a ba shi tuwo da wuri. Kwana uku ba a ji duriyarsa ba. Yanzu su biyar ne, suna zagaya zaurukansu daren Juma'a, an rage musun ƙwallo da na siyasa da awa guda. Na ji an ce su ma sun fara rigimar wa ya sayo tsire wa ya kawo balangu. Mun aika musu da dokarmu.

Lokaci ya matso. Wata mai sauraro ta taɓa tare ni a asibiti ta ce tana so ta shiga cikinmu. Na ce mata, Hajiya, mun cika, kuma ko da gurbi, gidanki ya yi nisa da namu, kuɗin adaidaita sahu zai gajiyar da ke kafin wata uku. Ki duba layinku. Ki nemi mutum uku da kike iya ce wa "ban yarda ba" ba tare da an ƙullace ki ba. Ki fara da littafin da dukkanku kuka taɓa karantawa tun kuna yara, ki sa rana, ki jiƙa zoɓo.

Mu dai Asabar mai zuwa Ɗorayi muka nufa, kuma mai masaukin ta zaɓi Ganɗoki. Saura mini shafi talatin, ga shi kwafin da ke hannuna ma'aikaciyar jinya na jiran sa tun shekaranjiya, har ta aiko ɗanta sau biyu. Bari in je in ƙarasa kafin ta zo da kanta.